Ayyukan Lambu a Ƙarshen Bazara: Kada Rana ta Ruɗe Ka

Shekarar da na fara lambu a ƙasar sanyi, tumatir goma sha biyu na rena a bakin taga tun suna 'yan ganye biyu. Da watan Mayu ya kama, aka jera kwana huɗu ana rana mai daɗi, har mutum ya fita da riga ɗaya. Na ce shi ke nan, hunturu ya tattara nasa ya nasa. Na kwashe su duka na dasa a waje, na ba su ruwa, na koma ciki ina jin kaina sarkin noma. A dare na uku sama ta washe, taurari tar, iska ko motsi ba ta yi. Da gari ya waye na tarar ganyen sun yi baƙi sun langaɓe, kamar an watsa musu tafasasshen ruwa. Biyu kacal suka sha.

Bazarar da nake nufi ba ta zafi da gumi ba ce. Ta ƙasashen da ƙanƙara ke sauka ce, lokacin nan da ke tsakanin hunturu da watannin zafi, sa'ad da itatuwa ke sake tofo bayan sun yi watanni tsirara. A arewacin duniya ƙarshenta na kamawa daga Mayu zuwa farkon Yuni, a kudancin duniya kuwa daga Nuwamba zuwa farkon Disamba. Makonni ne 'yan kaɗan, amma aiki kan yi wa mai lambu rubdugu: ga dashe, ga shuka, ga ciyawa na tsere da amfani, ga ƙwari sun farka da yunwa. Abin da tumatirin nan suka koya mini shi ne, a wannan lokaci rana maƙaryaciya ce. Dare da ƙasa su ke faɗin gaskiya, kuma a wurinsu kowane aiki ke karɓar izini.

Mataki na farko: tambayi dare, tambayi ƙasa

Kowane yanki yana da ranar da masana yanayi suka ƙiyasta cewa daga ita raɓar ƙanƙara ta daina sauka. Nemi ta yankinka, amma ka sani tsaka-tsaki ce aka fitar daga shekaru masu yawa. Wata shekarar sanyi ya yi sallama kafin ranar, wata shekarar ya yi kome bayanta. Ni nakan ɗora mako biyu a kai kafin in amince wa waje da duk abin da ba ya jure sanyi.

Raɓar ƙanƙara ba ta cika sauka a daren hadari ko na iska ba. Daren da ya fi kowanne kyan gani shi ne mugun: sama fes, iska a kwance. Zafin da ƙasa ta sha da rana sai ya sulale sama, babu gajimaren da zai tare shi. Ga kuma abin da sababbin masu lambu ba su cika lura da shi ba: ma'aunin da ake hasashen yanayi da shi a ɗage yake, sama da mita guda daga ƙasa, alhali can ƙasa daidai ganye sanyin ya fi haka. Don haka in ka ji an ce za a kwana a digiri 3 ko 4 (duk lissafin nan na Salshiyos ne), kada ka ce ai bai kai sifili ba. Iska mai sanyi nauyi gare ta, gangarawa take yi kamar ruwa ta kwanta a kwari ko gindin shinge. Lambu ɗaya, wani lungu ya ƙone, wani ya tsira. Bangon da rana ke duka kuwa yakan riƙe ɗumi har cikin dare. Tumatirina biyu da suka sha, a jikin bango suke.

Ba a fafe gora ranar tafiya, saboda haka tanadi abin rufi tun yanzu: tsohon zanen gado, bargo marar nauyi, kwali, ko bokitin da za ka kife. Rufe kafin rana ta faɗi, ka saukar da gefen zanen har ƙasa ka danne da dutse, domin ɗumin ƙasar kake son ka tare. In leda ce kaɗai gare ka, ɗaga ta a kan sanduna, don ganyen da ya taɓa leda ƙonewa yake yi kamar ba a rufe shi ba. Da hantsi ka yaye.

Sai ƙasa. Samu ma'aunin zafi ka tsoma shi kamar santimita 5 zuwa 10 da sassafe, kwana uku a jere. Karas da latas da albasa sukan tsiro tun ƙasa na digiri 7. Wake da masara sai ta kai 12 ko fiye. Kabewa da kokwamba sun fi son 16 zuwa sama, in ka yi musu gaggawa irin ya ruɓe a rami kana zaune kana jiran tsiro. Tumatir kada ya kwana a waje sai dare ya daina sauka ƙasa da digiri 10, barkono da tattasai da yalo kuwa sun fi shi raki, 13 suke so.

Kafin ka sa shebur, damƙi ƙasar a hannu ka dunƙule, sannan ka latsa da yatsa. In ta wargaje, bismillah. In ta tsaya ƙam kamar yumɓun ginin tukunya, tana da sauran ruwa, ka ƙyale ta. Ƙasar da aka tattake tana jiƙe takan bushe ta zama hoge, kuma har ƙarshen shekara kana fama da ita.

Mataki na biyu: saba wa iri da waje

Irin da aka rena a ɗaki ɗan gata ne. Bai san bugun iska ba, bai san rana ido da ido ba, fatar ganyensa siririya ce. Fitar da shi gaba ɗaya a rana guda kamar ka ɗauko jariri daga goyo ne ka ce ya bi ka kasuwa a ƙasa. Sannu a hankali ake yi, cikin kwana 7 zuwa 14.

Kwana biyun farko, sa'a biyu ko uku a inuwa, inda iska ba ta bugawa, sannan ka mai da su ciki. Daga nan ka riƙa ƙara sa'o'i, ka bar su su ɗanɗani ranar safe. Zuwa kwana na bakwai su yini a waje. Bayan haka, in hasashe ya nuna dare mai sauƙi, su fara kwana. In ka ga fari-fari a ganye kamar busasshiyar takarda, rana ce ta ƙone shi, ka yi saurin da ya wuce kima. Mai da su inuwa. Ganyen da ya ƙone ba zai warke ba, amma sabon tofo zai fito lafiya. Ka riƙa duba ruwa, don ƙaramar tukunya a iska kafin azahar ta bushe. Taki kuwa dakatar da shi a kwanakin nan, ba tsawo kake nema ba, ƙarfin jiki kake nema.

Irin da aka saya ma haka za ka yi masa, don ba ka san inda ya kwana jiya ba. Wajen zaɓe kuma kada ka yi wa rogo kallon kitse. Dogon nan siriri mai fure, wani ma har da ɗan 'ya'ya a cikin mitsitsiyar tukunya, wahala ce ta sa shi haihuwar wuri. Ɗauki gajere kakkaura mai koren ganye. Zare shi daga tukunya ka leƙa: saiwa fara mai yalwa ake so, ba wadda ta naɗe kanta kamar gammo ba.

Mataki na uku: dashe

Da yamma ake dashe, ko ranar da gari ya yi lumshi, don irin ya samu dare guda ya farfaɗo kafin rana ta same shi. Shayar da tukwanen sa'a guda kafin ka fara. Haƙa rami da ya ɗan fi tukunyar faɗi, ka gauraya ƙasar da ruɓaɓɓen taki. Ruɓaɓɓe na ce. Ɗanyen kashin dabbobi ƙona saiwa yake yi. In za ka ɗaga ƙaramin iri, kama ganye, kada ka kama kara. Ganye in ya tsinke wani zai fito, kara in ya murƙushe an gama.

Ba kowa ake binnewa daidai ba. Tumatir yana fitar da saiwa a duk jikin karan da ƙasa ta rufe, don haka tsinke ganyen ƙasa ka binne shi har wuya, ka bar kan kawai. In ya yi tsawo da yawa, haƙa ɗan kwari ka kwantar da shi, ka ɗago kan a hankali, cikin 'yan kwanaki zai miƙe da kansa. Barkono da tattasai a daidai zurfin da suke a tukunya za ka ajiye su. Kabewa da kokwamba ba sa son a taɓa musu saiwa ko kaɗan, kuma wuyansu na saurin ruɓewa, sai a ɗora su a kan ɗan tudu yadda ruwa ba zai kwanta a gindi ba. Kabeji kuwa a binne shi har ganyen farko, a danne ƙasar sosai. Gwajin shi ne ka ja bakin ganye ɗaya: in ganyen ya yage shukar ba ta motsa ba, ta dasu.

Tazara ita ce inda kwaɗayi ke kama mu duka. Irin ƙanana ne, filin kamar ya yi yawa, sai mutum ya cusa. Bayan wata biyu ya rasa inda zai sa ƙafa, iska ba ta ratsawa, cututtukan ganye su samu wurin zama. Ba tumatir santimita 45 zuwa 60, barkono 40 zuwa 45, kabewa kuwa kusan mita guda. Kuma ka tuna tumatir da dankalin Turawa da barkono da yalo 'yan gida ɗaya ne, cutarsu ɗaya. Inda ɗayansu ya zauna bara, kada ka sa ɗan uwansa bana in da hali.

Da ka gama kowane rami, ba shi ruwa har ya kwanta, don ƙasa ta manne wa saiwa. In washegari da rana ka ga sun yi yaushi, kada hankalinka ya tashi. Duba su da magariba. In sun miƙe, lafiya lau suke.

Mataki na huɗu: abin da ake shukawa kai tsaye

Wake, masara, karas da kabewa sun fi son a shuka su inda za su zauna. Ƙa'idar zurfi mai sauƙi ce: ninki biyu ko uku na kaurin irin. Wake santimita 5, karas bai wuce 1 ba. Ja layi da sanda, ka zuba ruwa a cikin layin tukuna, sannan ka sa iri ka rufe da busasshiyar ƙasa. In ka yi akasin haka, ruwan ya kwashe ƙananan irin ya tara su wuri guda, saman ƙasar kuma ya yi ɓawon da tsiro ba zai iya fasawa ba.

Masara iska ce ke kai mata garin fure daga kai zuwa gemun goyo. Dogon layi ɗaya tilo shi ke ba da masara mai giɓi. Shuka ta a dunƙule, layi huɗu gajeru kusa da juna, santimita 35 zuwa 45 tsakani.

Latas da ire-irensa kada ka juye takardar irin duka rana ɗaya, in ba haka ba su nuna lokaci guda ka rasa yadda za ka yi da su. Kaɗan-kaɗan, duk mako biyu ko uku. Da yini ya ƙara tsawo zafi ya shigo, latas kan miƙe ya tafi fure, ganyen ya yi ɗaci, irinsa ma ba ya son tsirowa in ƙasa ta haura digiri 25. Shukar ƙarshen bazara sai a nema mata inda inuwar la'asar ke sauka.

Cira aiki ne mai ciwon rai, amma dole ne. Karas ya kai tsawon yatsa, rage shi ya zama santimita 5 zuwa 7 tsakani. Akwai wani ɗan ƙuda da ƙamshin murzajjen ganyen karas ke kira, ya yi ƙwai a gindi, tsutsarsa ta huda karas ɗin ciki. Don haka yi cirar da yamma, kwashe abin da ka cire ka yi nisa da shi, ka shayar da layin nan take. Ƙudan ba ya tashi sama sosai, shingen lallausar raga mai tsawon santimita 60 zuwa 75 yakan rage shi ƙwarai.

Dankalin Turawa in ganyensa ya kai kamar santimita 20, yi masa huɗa, ka ja ƙasa ta rufe fiye da rabin karan. Amfaninta biyu: tana kare tofon daga ragowar sanyi, tana kuma hana haske taɓa 'ya'yan. Dankalin da haske ya taɓa kore yake yi, koren nan kuwa alamar guba ce, ba a ci.

Mataki na biyar: noma, ban ruwa, shimfiɗa, a jere haka

Da sanyin safiya ake kama fara. Ciyawa tana 'yar zare fara, fartanya ta shafa ta sau ɗaya ta mutu. Bar ta mako uku, sai ka durƙusa da hannu biyu. Zaɓi safiyar da za a yi rana, ka kankare saman ƙasa kawai, ka bar ciyawar a nan rana ta ƙarasa ta. Kada ka zurfafa, don duk juyin da ka yi wani irin ciyawar da ke barci kake tasowa. Masu jijiya mai zurfi ko mai yaɗo a ƙarƙashin ƙasa kuwa fartanya ƙara musu yawa take yi, kowane guntu sabuwar ciyawa ce. Su sai an tono su ɗungurungum bayan ruwa, ƙasa na da taushi. Wadda ka kasa cirewa yau, aƙalla tsinke furenta kafin ta zubar da iri.

Ban ruwa kuma, yayyafin kullum cuta ce. Saiwa inda ruwa yake take bi. In sama-sama kake jiƙawa, nan za ta tsaya, ranar da zafi ya zo ta rasa mafaka. Gara ka ba da mai yawa sau ɗaya ko biyu a mako ya ratsa can ƙasa. Yawancin kayan lambu suna buƙatar kimanin santimita 2.5 a mako, har da na sama, wato lita 25 a kowace murabba'in mita. Ajiye gwangwani mai miƙaƙƙen baki a tsakiyar lambu, shi zai gaya maka nawa sama ta ba ka. Ƙasa mai yashi ta fi neman a maimaita, mai laka ta fi riƙewa. In kana shakka, cusa yatsa har gaɓa ta biyu. A gindi ake zubawa, ba a kan ganye ba, kuma da safe ya fi, don ganyen da ya kwana a jiƙe gayyatar cuta ne da dodon koɗi. Sabon dashe da itatuwan da aka dasa bana su ne a gaban layi.

Sai shimfiɗa: ruɓaɓɓen taki, busasshen ganye, kara ko ɓawon itace da ake rufe ƙasa da shi. Dalilin da ya sa na ce a jere shi ne, shimfiɗa abin da ta tarar shi take tsarewa. Ka rufe ƙasa mai sanyi, ta daɗe da sanyinta. Ka rufe busasshiya, ta zauna a bushe. Ka rufe ciyawa mai jijiya, ta huda ta fito tana maka dariya. Jira ƙasa ta yi ɗumi, ka nome, ka shayar, sannan ka shimfiɗa kaurin santimita 5 zuwa 7. Bar ɗan fili kewaye da kara ko gindin itace. Tulin da ake jingina wa jikin bishiya ruɓar da ɓawonta yake yi.

Takin zamani ba na hana shi, amma karanta lambobi ukun da ke jikin buhu: naitirojin, fosfaras, fotashiyam. Na farkon ganye yake sa wa. Ka ɗura wa tumatir shi, ka samu kurmi kore shar babu 'ya'ya, ga tofo mai taushi da ƙwari ke so. Da fure ya fara, mai yawan fotashiyam ake koma wa.

Mataki na shida: kafa turke tun ba a faɗi ba

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Kafa sandar tumatir ranar dashe, don in ka bari sai ya girma saiwarsa za ka soke. Ɗaure da tsumma ko igiya mai taushi, ka gitta ta tsakanin kara da sanda, ka bar sarari don kara zai yi kauri. Wake mai hawa da kokwamba a yi musu rumfa ko raga kafin su fara lalube. Tumatir mai miƙewa a kan kara guda ɗaya, tsinke 'yan tofon da ke fitowa a hammatar ganye tun suna ƙanana. Mai yin dunƙulen reshe a ƙasa kuwa ƙyale shi, a jikin rassan nan yake haihuwa. Furanni masu tsawo su ma a tallafe su yanzu, ganye zai rufe sandunan.

Mataki na bakwai: zagayen ƙwari

Dodon koɗi da ɗan uwansa marar kwanso su ne ɓarayin dare. Ka dasa latas goma da yamma, da safe ka tarar da kututture da wata 'yar hanya mai ƙyalli kamar majina. Maganin da na ga ya fi ci shi ne tocila da bokiti, sa'a guda bayan duhu, musamman daren da aka yi ruwa. Ko ka kwantar da guntun katako a ƙasa mai laima, da safe ka ɗaga ka tarar da su sun yi sahu. Mako biyu ana haka, sai ka ga sauƙi. In kuma ka ga an sare ɗan iri daidai ƙasa kamar da reza, wata tsutsa ce da ke ɓuya a ƙasa da rana. Tona kewayen da yatsa za ka same ta a naɗe. Zoben kwali da aka ɗan nutsa a ƙasa kewaye da kara yana tare ta.

Darɓa, ƙananan ƙwarin nan kore ko baƙi da ke manne wa tofo suna tsotsa, yawanci tururuwa ce ke tona musu asiri. Ka ga tana hawa da sauka a kara ɗaya, juya ganyen. Tana bin zaƙin da suke fitarwa ne, har gadinsu take yi. Murje su da yatsa ko ka fesa musu ruwa da ƙarfi. Kafin ka ɗauko magani, duba da kyau. In ka ga wani ɗan abu baƙi mai ɗigon ruwan goro, siffarsa kamar mitsitsin kada, kada ka kashe. Ɗan jan buzuzun nan ne mai ɗigo-ɗigon baƙi tun bai girma ba, kuma darɓa ce abincinsa. Feshin da ya kashe darɓa shi ma kashe shi yake yi, darɓa kuwa ta riga shi dawowa. In feshi ya zama dole, da yamma, kuma ban da kan buɗaɗɗen fure, saboda ƙudan zuma.

Farin malam-buɗe-littafi da ke shawagi a kan kabeji ba yawon shan iska ya zo ba. Juya ganye za ka ga ƙwai rawaya, murje su. Raga mai ƙananan ido ta fi komai, in dai an ɗaga ta ba ta taɓa ganyen ba, don ta jikin ragar ma yakan yi ƙwai.

Mataki na takwas: inda za a sa almakashi, da inda za a janye hannu

Ƙa'ida ɗaya ta raba gardama. Ƙananan itatuwan ado da suka yi fure a bazara, irin su lailak, a kan reshen bara suka yi shi, kuma furen baɗi a kan reshen da za su fitar cikin watannin nan zai fito. Saboda haka da furen ya zube ake yi musu aski. Ka bari sai kaka ko hunturu, furen baɗi ka yanke da hannunka. Cire matattun rassa, sannan ka sare kamar ɗaya cikin huɗu na tsofaffin karan tun daga gindi, don sababbi su samu hanya. Kafin ka taɓa shinge ko itace mai duhu, leƙa ciki. Lokacin sheƙa ne, in da ƙwai ko 'yan tsaki aikin ya jira.

Furanni masu kwai a ƙasa kamar albasa, irin su dafodil da tulif, bayan sun gama fure ganyensu kan yi muni, hannu ya riƙa ƙaiƙayin yanke shi. Daure. Ganyen nan shi ke tara wa kwan abincin furen baɗi. Tsinke mataccen furen kawai, ka bar ganyen aƙalla mako 6 ko sai ya yi rawaya da kansa. Kada ka ƙulle shi ko ka kitse shi wai don tsafta, hasken da yake sha kake ragewa.

Akwai kuma dabarar rage tsawon furanni masu dawowa duk shekara waɗanda ba sa fure sai ƙarshen zafi: a yanke kashi ɗaya cikin uku, ko ma rabi, su yi gajarta su cika, furen ya ɗan makara. A Ingila ana danganta aikin da baje kolin furanni na Chelsea da ake yi a Landan a ƙarshen Mayu, don lokacinsu ɗaya. Ni rabin kowane gungu nake yankewa in bar rabi, sai furen ya zo kashi biyu.

Tuffa in ta ɗauki 'ya'ya da yawa kada ka yi saurin ragewa. Da kanta takan zubar da wasu a farkon zafi, bayan nan ne za ka bar ɗaya ko biyu a kowane gungu. Sitiroberi kuwa a shimfiɗa masa kara a ƙarƙashi da zarar 'ya'ya sun fara, kada su kwanta a laka.

Ragowar 'yan ayyuka

Filin ciyawar ado yanzu yake gudu, sau ɗaya a mako ake yanka, kuma kada a cire fiye da kashi ɗaya cikin uku na tsawonsa a yanka guda. Wanda aka yi wa ƙwal-kwabo shi ke fara ƙonewa da zafi. Shukar tukwane a duba ta kullum, don ganye kan tare ruwan sama ya hana shi shiga. Mai ɗakin gilashi na renon shuka ya buɗe ƙofa da tagogi tun da safe ya rufe da yamma. Zafi in ya haura digiri 30 ya daɗe a haka, furen tumatir kan zube bai ɗaura ba.

Zannuwan rufi kuwa kada ka ɗaga su tukuna. Bar su kusa da ƙofa har sai an jera mako biyu dare bai sauka ƙasa da digiri 10 ba. Sannan ka samu ɗan littafi ka rubuta ranar da ka ga raɓar ƙanƙara ta ƙarshe a lambunka, da lungun da ta fi kwanciya, da ranar da ƙasa ta kai digiri 12. Bayan 'yan shekaru zai fi hasashen masana yi maka amfani, don su na yanki duka suke bayarwa, naka kuwa na bayan ɗakinka ne. A shafin farko na nawa layi ɗaya ne rak: tumatir 12, saura 2.